Bulokcen da Haƙƙin Mawaƙin Hausa: Gyara Ga Wani Zato

A 'yan shekarun nan an sha jin ra'ayin cewa fasahar bulokcen, wato kundin da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa ta yadda abin da aka shigar ba ya goguwa, ita ce za ta raba mawaƙin Hausa da ɓarayin fasaha da dillalai. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da kamfanoni irin su Audius da Royal, inda mawaƙi Nas ya sayar wa masoyansa kason kuɗin waƙoƙinsa biyu a 2022. A ganina an riga malam masallaci.

Tarihin kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai sananne ne, masani Brian Larkin ya yi bayaninsa tun 2008. Magajin kaset da faifai shi ne shagon masu tura waƙa. A gari irin Achilafiya, a ƙasar Kazaure, matashi kan miƙa katin wayarsa a cika masa da waƙoƙin Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker, ya biya hannu da hannu, gobe ya tura wa abokinsa ta Xender. Cinikin bai bi ta intanet ba, balle wani kundi ya ƙirga shi.

Mai kare fasahar zai ce wannan hali mai wucewa ne. Spotify ya shigo Nijeriya a 2021, kuma a Disambar 2023 Babban Banki ya janye haramcin da ya ɗora wa bankuna kan hulɗa da kuɗin kirifto. Idan sauraro ya koma intanet, in ji shi, yarjejeniya mai zartar da kanta za ta raba wa kowa kasonsa nan take. Mu sallama masa duk wannan. Sai dai yarjejeniyar tana biyan sunan da aka ba ta ne kawai, ba ta tambayar wa ya yi wahalar. Waƙar fim ɗaya takan haɗa marubuci da mai rerawa da 'yar amshi da makaɗin situdiyo, ga kuma furodusan da ya biya sau ɗaya yake ganin ya saye ta, galibi da baki aka ƙulla. In furodusa ya riga kowa shigar da sunansa, kundin zai yi ta biyansa, rashin goguwar da ake yabo kuwa sai ya tabbatar da zaluncin.

Mai kare fasahar zai iya cewa ƙungiyoyin karɓar haƙƙi su tantance tukuna. To amma rikicin COSON da MCSN, da dakatar da lasisin COSON a 2018, sun nuna cewa mai tantancewar ma ana jayayya a kansa. A Turai, yunƙurin haɗa kundin mallakar waƙoƙin duniya ya wargaje a 2014 saboda rashin jituwa. Gwajin sayar da waƙa ta bulokcen da mawaƙiya Imogen Heap da Ujo Music suka yi a 2015 bai kawo ko dala 150 ba.

Iyakar abin da hujja za ta ɗauka, watakila, shi ne fasahar na iya taimakon mawaƙin da ke da masu saurare a Nijar da Gana da Saudiyya, wanda kuma ya riga ya rubuta rabon kowa. Wanda abincinsa ke fitowa daga liƙin biki da ubangidan siyasa, da wuya ya ga bambanci.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ba ta amince da sallama haƙƙi ba sai a rubuce. Saboda haka ya kamata ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa su samar da takardar rabon haƙƙi da Hausa, wadda kowa zai sa wa hannu kafin waƙa ta bar situdiyo.