Yini Ɗaya a Birnin Dikko

Jikana da aka haifa a Legas ya taɓa ba ni labarin wani wasa da aka fara a Amurka a shekarar 2000, inda mutane ke bin taswirar waya suna neman ƙananan akwatunan da wasu suka ɓoye. Da ya zo hutu Katsina, garin da bai sani ba, sai na ce masa mu fita neman abin da kakanninmu suka ajiye.

Mun fara da Hasumiyar Gobarau, wadda tarihin baka ya danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Daga nan muka nufi Ƙofar 'Yanɗaka, inda Lugga ya shigo birnin a 1903. Bayan azahar muka shiga tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Cikin waɗannan ɗakunan ƙasa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938. Yau gidan tarihi ce.

Da ya tambaye ni ganuwa, sai na rasa abin nuna masa sai guntaye, domin ruwan sama da masu gini sun cinye mafi yawanta.

'Yan'uwa mazauna birane, ku riƙa kawo 'ya'yanku gida su ga waɗannan wurare, ƙungiyarmu kuma ta sa batun gyaran abin da ya saura cikin aikinta na bana. Allah ya taimake mu.