Zaɓen kwaleji bayan firamare a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

A Nijar, kwaleji shi ne matakin da ke biye da firamare. Karatun CEG shekara 4 ne, ana rufe shi da jarrabawar BEPC. Akwai kuma kwalejin Faransanci da Larabci, da CET, inda ake haɗa karatu da koyon sana'a.

Uwaye da yawa sun fi son makarantun birnin Maraɗi saboda suna. Amma ga ɗan ƙauye, masauki ya fi sunan makaranta muhimmanci. Ɗalibin da aka ajiye gidan da ba ya ƙoshi, ko yarinyar da aka mayar 'yar aiki, da wuya su kai aji na ƙarshe. Saboda haka in akwai CEG kusa, kamar a Tibiri ko Cadawa, inda yaro zai kwana gida ko hannun dangi na amana, ita ya kamata a fara dubawa.

Kafin a tsai da shawara, uba ya je da kansa ya tambayi darakta: malaman lissafi da Faransanci nawa ne, ɗalibai nawa ne a aji, nawa suka ci BEPC bara? Mai 'ya mace ya duba har makewayi da ruwa.