Daga Lauya Zuwa Alƙalin Babbar Kotu: Nazari a Kan Rayuwar Aikin Mai Shari'a Aloma Mukhtar

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi matakan da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta taka kafin naɗa ta alƙalin Babbar Kotu, domin nuna muhimmancin gogewa a ƙananan kotuna, musamman ga jihohin kan iyaka irin su Kebbi.

Sharuɗɗan Naɗi

Sashe na 271 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa ba a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotun jiha sai ya shekara goma aƙalla da zama lauya. Gwamna ne ke naɗawa, bisa shawarar Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa. Sashen ya ƙayyade yawan shekaru, amma bai fayyace irin aikin da za a yi a cikinsu ba, kuma a nan ne alƙalai ke bambanta.

Matakan Aikinta

An haifi Aloma Mukhtar a 1944. Ta yi karatun lauya a Ingila, aka rantsar da ita lauya a Najeriya a 1967, ita ce mace ta farko daga Arewa da ta kai wannan matsayi. Ta fara da aikin lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa, ta yi majistare a Jihar Arewa maso Gabas, sannan ta riƙe muƙamin babbar magatakardar kotunan Jihar Kano daga 1973. A 1977 aka naɗa ta alƙalin Babbar Kotun Kano. Kafin nan ta san shari'a ta fuskoki uku: shirya ƙara, yanke hukunci, da tafiyar da ma'aikatan kotu.

Ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, Kotun Ƙoli a 2005. A shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2007, wadda aka yanke a Disambar 2008, tana cikin alƙalai uku da suka saɓa wa huɗu masu rinjaye, suka ce a soke zaɓen. Ta shugabanci Kotun Ƙoli daga 2012 zuwa 2014.

Darasi Ga Kebbi

A Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, mai iyaka da Jamhuriyar Benin, shari'ar kwastan da fasa-ƙwauri hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, kamar yadda sashe na 251 ya tanada. Abin da ya fi damun mutanen garuruwan yankin irin su Illo da Kaoje kuwa, wato rikicin gona, ɓarnar dabbobi da bashi, yakan faro ne daga ƙananan kotuna. Alƙalin da ya taɓa zama a irin waɗannan kotuna ya fi gane inda shaida ta karkace idan ƙara ta iso gabansa. Saboda haka ya dace Hukumar Shari'a ta Jihar Kebbi ta riƙa ba wa gogewar majistare nauyi na musamman yayin tantance waɗanda za a naɗa.