SANTSI DA TAƁO: RIGIMAR DA TA RABA GIDANMU

Mai karatu, duk lokacin da na ji an ce jam'iyya ta ci zaɓe ana ta kiɗa da guɗa, sai gabana ya faɗi, domin na ga abin da ya biyo bayan irin wannan murna a Kano.

A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamnoni biyu: Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa suka soke haraji da jangali. A gidanmu kuwa ranar kamar Sallah, don mahaifinmu tun zamanin NEPU yake bin Malam, yayana kuma shi ke yawon manna hotunan jam'iyya a unguwa.

To amma ba a ci shekara ba sai ga ɓaraka. Gwamnonin nan biyu suka shiga taro da gwamnoni biyar na UPN da biyu na GNPP, su tara ke nan, suna neman haɗa ƙarfi a kan gwamnatin NPN ta Alhaji Shehu Shagari. Shugabannin jam'iyya suka ce a daina, a bi a sannu, kada a kai PRP ƙarƙashin Awolowo. Gwamnonin suka ƙi, suna zargin cewa wasu manya na son jingina da NPN ne. A 1980 aka kore su daga jam'iyya. Masu ɗoki suka bi gwamnoni, aka kira su 'yan Santsi, Cif Michael Imoudu ya zama shugaban ɓangarensu. Waɗanda suka tsaya tare da Malam aka ce da su 'yan Taɓo.

Mahaifinmu Taɓo, yayana Santsi. Baba ya ce yaron da ya raina wanda ya goya shi ba zai gama lafiya ba. Yaya ya ce shi aƙida ya bi, ba mutum ba. Wallahi sai da suka daina cin tuwo a kwano ɗaya, Inna tana kai wa kowa nasa daban tana hawaye.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yuni na 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli kuma tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, har aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, jam'iyyarsa tana rabe. Rimi ya koma NPP ya sake tsayawa, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Kaduna kuwa ta faɗa hannun NPN. Shi ma Bakin Zuwo wata uku kacal ya yi, soja suka kifar da kowa ranar 31 ga Disamba.

Da ina yaro nakan tambayi kaina, wa ke da gaskiya? Yanzu da furfura ta fito na gane kowa na da rabonsa. Taɓo sun ji tsoron kada a haɗiye jam'iyya, Santsi sun ji tsoron kada ta yi sanyi. Da sun zauna sun saurari tsoron juna, da talakan da ya sha rana a layin zaɓe bai tashi a tutar babu ba.

Baba da Yaya sun shirya ne a ranar jana'izar Malam, cikin turmutsutsun jama'a, kowa na kuka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba na baya haƙurin zama da juna, amin.