Shirley Chisholm

Shirley Anita Chisholm (30 ga Nuwamba, 1924 – 1 ga Janairu, 2005) 'yar siyasar Amurka ce kuma malamar makaranta. Ita ce baƙar fata mace ta farko da aka zaɓa zuwa Majalisar Dokokin Amurka. Ta wakilci mazaɓa ta 12 ta jihar New York a Majalisar Wakilai har sau bakwai, daga 1969 zuwa 1983, a ƙarƙashin jam'iyyar Democrat.

Farkon rayuwa da ilimi

An haife ta a Brooklyn da ke birnin New York, sunanta na yanka Shirley St. Hill. Iyayenta baƙin haure ne daga yankin Karibiyan. Mahaifinta ma'aikacin masana'anta ne, mahaifiyarta kuma tela. Ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a tsibirin Barbados a hannun kakarta, ta koma Brooklyn a 1934. Ta kammala Kwalejin Brooklyn a 1946, sannan ta sami digiri na biyu a fannin ilimin ƙananan yara daga Jami'ar Columbia. Ta koyar a makarantun reno, daga baya ta shugabanci cibiyoyin kula da yara. A 1949 ta auri Conrad Chisholm.

Siyasa

An zaɓe ta zuwa majalisar dokokin jihar New York a 1964. A can ta goyi bayan dokar da ta ba masu aikatau a gidaje damar karɓar tallafin rashin aikin yi, da kuma shirin SEEK mai taimaka wa ɗalibai marasa galihu shiga jami'a.

A zaɓen 1968 ta kayar da James Farmer, fitaccen ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin baƙar fata, ta shiga Majalisar Wakilai. Shugabannin jam'iyya sun saka ta a kwamitin noma, amma ta nuna rashin amincewa, domin mazaɓarta tsakiyar birni ce. Sai aka mayar da ita kwamitin harkokin tsofaffin sojoji, daga baya kuma kwamitin ilimi da ƙwadago. Ta yi aiki wajen faɗaɗa tallafin abinci ga talakawa, ta kuma yi adawa da yaƙin Biyetnam. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan majalisa baƙar fata a 1971.

Takarar shugaban ƙasa

A ranar 25 ga Janairu, 1972, ta bayyana aniyarta ta neman tikitin takarar shugaban ƙasa. Ita ce mace ta farko da ta nemi wannan tikiti a jam'iyyar Democrat. Duk da ƙarancin kuɗin kamfe, ta sami ƙuri'un wakilai kimanin 152 a babban taron jam'iyyar, inda George McGovern ya yi nasara.

A wannan shekarar aka harbi George Wallace, gwamnan Alabama wanda ya shahara da goyon bayan wariyar launin fata. Chisholm ta je asibiti ta duba shi, abin da ya ɓata wa magoya bayanta da yawa rai. Daga baya Wallace ya taimaka mata wajen shawo kan 'yan majalisa daga kudanci, aka zartar da dokar 1974 da ta sanya masu aikatau a gidaje cikin tsarin mafi ƙarancin albashi.

Ƙarshen rayuwa

Bayan ta bar majalisa a 1983, ta koyar a Kwalejin Mount Holyoke da ke jihar Massachusetts. A 1993 Shugaba Bill Clinton ya zaɓe ta ta zama jakadiya a Jamaika, amma ta janye saboda rashin lafiya. Ta rasu a Ormond Beach, jihar Florida, tana da shekara 80. A 2015 Shugaba Barack Obama ya karrama ta da lambar yabo ta 'yanci ta shugaban ƙasa.