Rumbu Ba Ƙofa: Tarihin Neman Kalma Ba Tare da Intanet Ba



Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba za mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Daga Tamawa har cikin gari, wayoyinmu suka koma fitila da agogo. Waɗanda suka yi dabarar sauke shafukan intanet tun da wuri sun sami abin karantawa, amma sun ci karo da wani cikas: akwatin bincike ya daina aiki. Dalili kuwa, da ma ba a cikin shafin ake binciken ba. Wata babbar kwamfuta ce a nesa take amsa tambayar, ga shi kuma hanyar zuwa gare ta ta yanke.

Wasu sun riga mu shiga wannan hali. A shekarar 2007, Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin, wanda ya yi aiki a Mali, suka kafa Kiwix domin a karanta Wikipedia inda babu intanet. Suna dunƙule shafin gaba ɗaya cikin fayil guda mai suna ZIM, sannan su haɗa masa fihirisa. Kafin a rufe fayil ɗin, manhaja mai suna Xapian takan bi shafuka ɗaya bayan ɗaya, ta jera kowace kalma tare da wuraren da ta fito. In ka nemi "Gobarau", ba sai an sake karance rumbun duka ba, jerin kawai za a duba. Dabarar fihirisar littafi ce da malamanmu suka daɗe da sani, aka ɗora wa na'ura. Wikipedia ta Hausa ma tana cikin abin da ake saukewa ta wannan hanya.

To, ina ruwanmu? Fihirisa abin da muka rubuta take jerawa, ba abin da muke nufi ba. In muka rubuta "kasa" alhali "ƙasa" muke nufi, ko muka haɗe "ya yi" ta zama "yayi", mai nema zai iya wuce rubutunmu bai gan shi ba. Don haka mu kiyaye ɓ, ɗ da ƙ, mu raba kalmomi bisa ƙa'ida, mu kuma riƙe suna da rubutu iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.