Tarihin Wata Lamba: 2,147,483,647

Mai karatu, ɗauki ɗaya ka ninka shi ya zama biyu, ka ninka biyu ya zama huɗu, ka yi ta ninkawa har sau 31, sannan ka ɗebe ɗaya. Abin da zai rage maka shi ne 2,147,483,647, wato biliyan biyu da 'yan kai.

Wannan lamba tana cikin jinsin da za mu iya kira gagara-rabo, irin su 3 da 7 da 31, waɗanda babu lambar da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu. A cikin wannan jinsi kuma akwai wani ƙaramin gida na lambobin da ake samu ta hanyar ninkawa da ɗebe ɗaya, wanda aka laƙaba wa sunan Marin Mersenne, wani limamin Kirista na ƙasar Faransa. Ita ce ta takwas a gidan. A 1644 Mersenne ya sa ta cikin jerin da ya ce ba su rabuwa, amma bai kawo hujja ba, jerin nasa ma akwai kurakurai a ciki.

Hujjar sai a 1772 ta zo, daga Leonhard Euler, mutumin Suwizalan da ke zaune a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha, a lokacin kuwa idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Da zai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, sai ya gwada har zuwa 46,340. Dabarar da ya yi ita ce ya nuna cewa duk lambar da za ta iya raba ta, in aka kasa ta da 248, tilas saura ya zama 1 ko 63. Da haka aikin ya dawo 'yan ɗaruruwa. A ganina nan gwanintar take, ba a yawan lissafin ba. Har zuwa 1867 ba a san wata gagara-rabo da ta fi ta girma ba.

A 1811 wani masanin lissafi na Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya wani ya sake wahalar da kansa neman abin da ya wuce nan, tunda abu ne na sha'awa kawai marar amfani. Ashe bai san gobe ba. A 2024 an gano wata 'yar gidan Mersenne mai alƙaluma fiye da miliyan 41.

Ita kuwa tamu, sai ga ta a cikin kwamfuta. Ita ce iyakar abin da wani tsohon tsarin ajiye lambobi yake iya ɗauka. Na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙu tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ƙirgen zai cika 2,147,483,647 ranar 19 ga Janairu 2038. Duk wadda ba a gyara ba kafin ranar, agogonta zai iya komawa shekarar 1901.